Da Wane Lissafi Manomi Zai Yi Shuka, Na Rana Ko Na Wata?

Kowace shekara, da zarar bazara ta yi nisa, zance ɗaya ne a bakin jama'ar ƙasar Daura, daga Zango har Mai'aduwa, daga Sandamu har Ɓaure: yaushe ruwa zai sauka? Manomi yana so ya san ranar da zai fid da iri. Ɗan kasuwa yana so ya san ko ya saki hatsin da ya ajiye, ko kuwa ya ƙara riƙewa. Malamin ofis, wanda shi ma yana da 'yar gonarsa a bayan gari, yana so ya san lokacin da zai nemi hutu. Waɗansu su duba kalanda, waɗansu su ƙirga wata, waɗansu kuma su tambayi malamai tauraron da ake ciki. To, lissafin nan uku ba hanyarsu ɗaya ba, wanda ya cuɗa su kuwa yana iya asarar iri. Saboda haka ya kamata a san inda kowannensu ya samo asali, da wanda ya dace da aikin gona.

TAFIYA BIYU TA DUNIYA

Duniyan nan dunƙulalliya ce, kuma ba a tsaye take ba. Tafiya biyu take yi a lokaci guda. Ta fari ita ce juyawa a kan kanta, kamar yadda mazari ke juyawa a hannun mai kaɗi. Juyi ɗaya awa 24 ke nan. Gefen da ya fuskanci rana yana cikin yini, gefen da ya ba ta baya yana cikin dare. Ta biyu ita ce kewaya rana, kewaye ɗaya kuwa yana cin kwana 365 da rubu'i. Wannan ita ce shekara ta rana. Rubu'in nan ne akan tara, bayan shekara huɗu ya cika kwana guda, a ƙara wa watan Fabrairu ya zama 29.

Mutane da yawa suna zaton zafin bazara yana zuwa ne domin duniya ta matsa kusa da rana, sanyi kuma domin ta yi nisa. Ba haka ba ne. A farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, alhali a lokacin nan mutanen Daura suna jin ɗumi a bakin wuta. A farkon Yuli ne ta fi nisa, wajen kilomita miliyan 152. Har wa yau, sa'ad da ake sanyi a nan, mutanen Afirka ta Kudu suna cikin zafinsu, ga shi kuwa duniya ɗaya ce. Ashe dalilin yana wani wuri dabam.

KARKATAR DUNIYA

Dalilin shi ne karkata. Mazarin duniya ba a miƙe yake sak ba, ya jirkice da digiri 23 da rabi. Domin a gane girman wannan, daga gindin sama zuwa tsakar ka digiri 90 ne, watau karkatar ta ɗara rubu'in wannan kaɗan. Kuma duk inda duniya ta kai cikin kewayenta, kan mazarin nan wuri ɗaya yake nunawa, wajen tauraron arewa. Shi ya sa tauraron nan ba ya barin wurinsa. A Daura ana ganinsa can ƙasa-ƙasa wajen arewa, digiri 13 bisa gindin sama, gwargwadon nisan garin daga Ikwaita, watau layin da ya raba duniya biyu, arewa da kudu.

Mai son ganin yadda abin yake, ya soke lemo da tsinke, ya ajiye fitila tsakar ɗaki da dare. Ya karkata kan tsinken wajen ƙofa, ya kewaya fitilar da lemon, kada ya sake inda tsinken ke nunawa. Zai ga a gefe ɗaya na ɗakin rabin lemon na sama ne ya sunkuya wa fitila, a ɗaya gefen kuwa na ƙasa ne. Haka duniya take yi. A watan Yuni rabinta na arewa, inda Nijeriya take, shi ke sunkuya wa rana. A watan Disamba kuwa sai ya kau da kai, rabin kudu ya karɓa.

Abin da wannan ke jawowa biyu ne. Na ɗaya, idan rana tana tsakar ka haskenta yakan taru wuri ɗaya ya yi ƙuna, idan kuwa ta ratse sai ya bazu ya yi rauni. Wanda ya haska tocila sak a bango, sa'an nan ya haska ta a kaikaice, ya ga bambancin. Na biyu, yini yakan yi tsawo a gefen da ya sunkuya, ya gajarta a gefen da ya kau da kai.

GWAJI DA SANDA

Gani ya kori ji. A sami fili mai baje, a kafa sanda a miƙe, tsawonta bisa ƙasa ƙafa 4. A riƙa duba inuwarta da tsakar rana. Masu agogo su lura, a Daura rana ba ta kai tsaka da ƙarfe 12 daidai, sai wajen 12 da rabi, domin agogon Nijeriya an daidaita shi ne da wani layi da ke gabas da Borno.

Ranar 21 ga Disamba, ko kusa da haka, inuwar za ta kwanta arewa, tsawonta kusan ƙafa 3. Nan ne iyakar tafiyar rana wajen kudu. Daga nan inuwa ta dinga gajarta. Wajen 21 ga Maris ta koma inci 11. Wajen 25 ga Afrilu kuwa sai ta ɓace ɗungum, domin rana ta tsaya bisa kan Daura sosai, har haskenta yakan faɗa cikin rijiya marar rufi. Bayan wannan sai inuwa ta ɓullo ta kudu, gama rana ta wuce arewa. Wajen 21 ga Yuni ta kai iyakarta, inuwa inci 9 wajen kudu. Sa'an nan ta juyo, ta sāke tsayawa bisa kan Daura wajen 18 ga Agusta, ta gangara kudu, inuwa ta koma arewa har shekara ta kewayo.

Mafitar rana ma tana tafiya haka. Wanda ya tsaya ƙofar gidansa da sassafe zai ga a Yuni rana tana ɓullowa arewa da gabas, a Disamba kudu da gabas. Sau biyu kaɗai a shekara take fitowa gabas sak, wajen 21 ga Maris da 23 ga Satumba, kwanakin da dare da yini suke kusan daidaita a duk duniya.

Kowane gari a wannan sashe na duniya yana da nasa kwanaki biyu na rashin inuwa. Na Makka su ne 27 ko 28 ga Mayu, da 15 ko 16 ga Yuli. A ranakun nan, wajen ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya a Mayu, da 10:27 a Yuli, rana tana bisa kan Ka'aba, wanda ya fuskance ta daga Daura kuwa ya fuskanci alƙibla.

YADDA RANA KE JAWO DAMINA

Iska biyu ke mulkin Afirka ta Yamma. Ɗaya tana busowa daga arewa maso gabas, daga Sahara, busasshiya ce mai ƙura. Ita ce iskar hunturu, yawancin ƙurarta kuwa daga wani kwari take tasowa a arewacin Cadi, wanda ake kira Bodele. Ɗayar tana zuwa daga kudu maso yamma, daga Tekun Atlantika, ɗauke da laima. Inda suka haɗu akwai kan iyaka, kuma wannan iyaka tana bin sawun rana.

Sa'ad da rana ta hauro arewa, sai ta gasa ƙasa. Iskar da ke bisa ƙasa mai zafi takan yi sauƙi ta tashi sama, iskar teku ta kwararo domin ta cike gurbin. Amma ƙasa ba ta ɗaukar zafi dare ɗaya, iskar teku kuma tafiyarta da nisa. Saboda haka damina a bayan rana take tafiya. Legas tana samun ruwa tun Maris ko Afrilu, Zariya wajen Mayu, Daura kuwa galibi sai Yuni ruwa ke zama.

Wannan ne ya sa Afrilu da Mayu suka fi kowane lokaci zafi a Daura: rana tana tsakar ka, babu girgije, ƙasa a bushe. A Agusta rana tana sāke tsayawa tsakar ka, amma a lokacin iskar teku ta yi kauri bisa ƙasar, ta kai har bakin Sahara. Zafin da ya ƙona mutane a Afrilu, shi ne a Agusta yake ɗaga laima sama ta zama hadari. Marka ke nan. Da rana ta gangara kudu sai iskar teku ta ja da baya, komawarta kuwa ta fi zuwanta sauri. Ƙarshen Satumba ruwa ya ɗauke, a ɗan sha agazari, sa'an nan kaka, sa'an nan hunturu.

Ga abin da ya kamata a kiyaye. A watan Mayu bakin iskar teku ne kawai yake taɓa ƙasar Daura, yana zuwa yana komawa. Ana iya yin ruwa mai kyau yau, a yi mako biyu ko uku babu ɗigo, tsiro ya ƙone. Wanda ya juye irinsa duka a ruwan fari, ko ya yi binne da shi duka, ya yi kasada. Gara a rage na maimaita shuka. Kuma rana lokaci kaɗai take yankewa, ba ta yanke yawan ruwa. A 1973 da 1984 ta bi hanyarta daidai kamar kullum, duk da haka aka sha fari mai tsanani a ƙasar Hausa, domin yawan ruwa ya danganta da halin teku da na iska a kowace shekara.

TSAWON YINI DA DAWA

A Daura yini mafi tsawo, na 21 ga Yuni, wajen awa 12 da minti 50 ne. Mafi gajarta, na 21 ga Disamba, wajen awa 11 da minti 20. Bambancin awa ɗaya da rabi ke nan. A Landan ta Ingila, da yake tana can arewa da nisa, yinin Yuni ya wuce awa 16 da rabi, na Disamba bai kai awa 8 ba. Mutum zai ce na Daura ba wani abu ba ne. Amma dawa tana lura da shi.

Dawar gargajiya, irin su farafara da kaura, da maiwa, da waken gida irin kanannado, ba kwanakin da suka yi a gona suke ƙirgawa ba. Jira suke yi yini ya gajarta, dare ya ƙaru, sa'an nan su yi ciki su fid da kai, ko su yi fure. Wani masani mai suna Curtis, wanda ya yi aiki a kan dawar Nijeriya, ya bayyana a 1968 cewa kowace dawar gargajiya takan fid da kai ne daidai da lokacin ɗaukewar ruwa a ƙasar da ta saba. Kakanni ne suka zaɓo ta haka, shekara bisa shekara, suna ajiye zangarniyar da ta nuna lafiya.

Daga wannan akwai darasi biyu. Na fari, wanda ya makara da shukar dawa, dawar ba za ta jira shi ba. Lokacinta na yi za ta fid da kai tare da ta maƙwabta, ko da kara bai yi ƙwari ba, zangarniya ta fito ƙarama. Na biyu ya shafi 'yan kasuwa da masu sayen iri a tiya. Dawar da aka ɗauko daga wajen Zariya ta saba da damina mai kaiwa Oktoba. In an shuka ta a Daura za ta yi kara mai kyau, mai gona ya yi ta murna, amma sai ruwa ya ɗauke kafin ta fid da kai, a tashi da abincin dabbobi. Ta arewa kuma in an kai ta kudu, sai ta nuna cikin ruwa, ƙwaya ta yi fumfuna. Hatsin ci daga ko'ina ya zo, lafiya. Na iri kuwa, a tambayi garin da aka noma shi.

Gero ba shi da wannan hali sosai. Shi kwanakinsa yake ƙirgawa, wajen wata uku ya nuna, shi ya sa ya dace da gajeriyar damina irin ta ƙasar Daura. Haka kuma akwai sababbin irin dawa da wake masu saurin nuna, waɗanda cibiyoyin bincike irin ta Samaru suka fitar, da ba su cika jiran gajartar yini ba. Malaman gona suna iya nuna wanda ya dace da kowane yanki. Masu noman rani a bakin madatsun ruwa, kamar Daberam da Sabke, su ma rana ce ke yanke musu lokaci. Alkama sanyi take so, a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, sa'ad da rana ta ratse kudu. In an makara, zafin Maris ya riske ta tana zuba ƙwaya, ta shanye.

TAFIYAR WATA

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake mayarwa. Yana kewaya duniya daga nisan wajen kilomita 384,000. Kullum rabinsa da ke fuskantar rana yana da haske, sai dai abin da mutane ke gani na rabin nan ya danganta da inda ya kai. Idan yana tsakanin duniya da rana, bayansa marar haske ne wajen duniya, ba a ganinsa: duhun wata ke nan. Da ya ɗan gusa sai a ga bakin hasken siriri a yamma bayan faɗuwar rana, a ce wata ya tsaya. Bayan kwana bakwai a ga rabi. Daren sha huɗu ko sha biyar ya koma ɗaya gefen, duniya tana tsakiya, ya fito gabas da magariba a cike. Daga nan ya dinga raguwa, kowane dare yana makara da wajen minti 50, har ya ɓace. Daga tsayuwa zuwa tsayuwa kwana 29 da rabi ne, shi ya sa wani watan yake yin 29, wani 30.

Raguwar wata ba inuwar duniya ba ce. Inuwar duniya tana faɗa masa ne kawai ranar husufi, abin da akan ce wata ya yi zazzaɓi, wannan kuwa sai a tsakiyar wata. Husufin rana kuma sai a ƙarshen wata, sa'ad da wata ya gitta tsakanin duniya da rana, kamar yadda aka gani ranar Laraba, 29 ga Maris, 2006, da duhu ya rufe sassan Zamfara da Katsina da hantsi. Abin da ya hana a yi husufi kowane wata shi ne hanyar wata ita ma ta karkata da digiri 5, galibi yakan wuce ta sama ko ta ƙasan inuwar.

To, wata 12 kwana 354 ne, shekarar rana kuwa 365. Kowace shekara watanni suna matsowa gaba da wajen kwana 11, sai bayan shekara 33 su koma inda suka tashi. Mutanen Daura sun ga wannan a Sallar Gani. A 2015 ranar 12 ga watan Gani ta zo sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba, cikin tsananin sanyi. A 2020 ta faɗo ƙarshen Oktoba, ana cikin girbi. A 2025 kuwa farkon Satumba, amfani yana tsaye a gona. Ke nan mutumin da ya ce bara ya yi shuka kwana goma bayan Salla, bana ma haka zai yi, ya riga damina da kwana 11. Bayan shekara uku ya riga ta da wata guda.

LISSAFIN TAURARI

Malaman dā sun san wannan sarai, shi ya sa ba su auna damina da wata ba. Sun yi amfani da taurari 28, irin su Surayya, Dabaran, Haƙ'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa da Jabha. Kowanne kwana 13, guda ɗaya 14. In an tara, 365 ke nan daidai. Ashe lissafin taurari lissafin rana ne. Da yake duniya tana kewaya rana, kowane lokaci na shekara dare yana fuskantar wani sashe na sama dabam, taurari suna riga fitowarsu ta jiya da wajen minti 4. Surayya, wadda Hausawa ke kira Kaza da 'ya'yanta, takan ɓace daga yamma a ƙarshen bazara, ta sāke ɓullowa gabas da asuba cikin Yuni, daidai lokacin da ake sa ran zaman ruwa a Daura. Ba ita ke kawo ruwan ba, alama ce kawai ta inda duniya ta kai cikin tafiyarta.

ABIN DA ZA A RIƘE

Wata shi ke da azumi da Salla da Gani. Gona kuwa ta rana ce. Saboda haka manomi ya sami ɗan littafi, ko ya sa yaronsa ɗan makaranta, a riƙa rubuta ranar ruwan fari, da ranar shuka, da ranar da dawa ta fid da kai, da ranar ruwan ƙarshe, duka da kwanan watan kalanda ko da tauraron da ake ciki. Bayan shekara biyar ko shida littafin nan zai nuna masa halin gonarsa fiye da zancen kasuwa. Ya kafa sandarsa ya ga ranar da inuwa ta ɓace a ƙarshen Afrilu, ya san saura mako shida ko bakwai ruwa ya zauna: lokacin ƙarasa sassabe ke nan, da kai taki, da gyaran garma. Ya riƙe irin ƙasarsa, ya rage na maimai, ya kuma saurari hasashen damina da hukumar kula da yanayi ta ƙasa take fitarwa a farkon kowace shekara.

Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Za ta tsaya bisa kan Daura a ranarta, ko an shirya ko ba a shirya ba. Allah ya ba da damina mai albarka.